Injin Washin Audi Maƙeri

Shekara talatin da wani abu Audi yana ƙira a Sandamu, a rumfar da ya gada wurin mahaifinsa. Lauje, adda, fartanya, dukansu da magagari da dutse yake fitar musu da kaifi. Da kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo, har ɗaga buta ya zama aiki, bai faɗa wa kowa ba. Matarsa Lami ce ta lura, ta buga wa ƙaninsa Yazid waya, wanda ke walda a Kano.

Bayan sati biyu direban Daura ya sauke wani kwali mai nauyi a ƙofar maƙera. Ƙarafa ne yankakku masu huji-huji, da tayoyi ƙanana guda huɗu, da ledar notuna, da bel mai kaushi kamar yashi.

"Yaya, injin washi ne, haɗawa kawai za ka yi," in ji Yazid a waya. "Hoton yadda ake haɗawa yana ciki."

Audi ya baje su a tabarma. Shi da ya saba ƙarfe ya bi abin da ya ga dama a ƙarƙashin guduma, yau ga ƙarfe da wani ya riga ya yanke masa hukunci. Kwana uku yana ɗaurawa yana kwancewa. Sau ɗaya ya juya hannun injin baibai, sai da ya gama ya gane. Ya samo moton tsohon famfon ruwa ya ɗora, ya ja wuta daga janaretan mai cajin waya da ke maƙwabtaka.

Yana kunnawa bel ya zame ya faɗi. Ya mayar, ya sake zamewa. Lami, wadda ta shekara goma tana markaɗe a cikin gida, ta leƙo tana goge hannu.

"Malam, tayar sama ce ta karkace. Haka injina yake yi. Sassauta notin nan, ka ɗan matsa ta hagu."

"Ke da ba ki taɓa riƙe guduma ba?"

"Amma na riƙe bel."

Ya yi yadda ta ce, bel ya zauna daram. Wuƙar farko da ya ɗora, bakinta ya yi shuɗi don zafi, ta lalace. Daga nan ya koyi sassauta hannu, yana tsoma ƙarfen a ruwa akai-akai. Kafin kaka ta wuce, kafaɗar ta lafa.

Sai dai wani abu ya dame shi. Da can, makiyayi zai kawo adda ya zauna sa'a guda, su yi hirar shanu da damina da waɗanda suka rasu. Yanzu minti biyar an gama, ƙarar injin kuma ba ta barin a ji juna. Bencin rumfar ya koma ba kowa.

Audi ya daɗe yana juya abin a ransa. Daga baya ya tsayar da ƙa'ida: inji daga safe zuwa azahar, bayan la'asar kuma sai 'yan ƙananan gyare-gyare da hannu. Ranar da wani tsohon abokinsa daga Mashi ya kawo adda da yamma yana sauri, Audi ya karɓi addar ya jingine ta.

"Gobe da safe za ka samu. Zauna ka faɗa mini yadda ka baro mutanen gida."

Mutumin ya yi ɗan gunaguni, sannan ya cire takalmi ya zauna.