Hatsin ƙanwata a bayana

Ban taɓa shan wuya irin ta ranar ba, kuma na yi noma, na yi kokowa.

Ƙanwata tana aure a wani ƙauye gaba da Gabi, bakin daji. Da 'yan bindiga suka matsa, sai suka taso suka dawo wurina Madarumfa, hatsinsu yana can cikin rumbu. Amalanke ba ya shiga, don shanun da ke jansa 'yan bindigar ke nema. Mijinta ya ce sai dai mu ɗauko da ƙafa, mu biyu, mu bi ta gonaki.

Na ce to. Lokacin ina ji da kaina. Kokowa na bari, amma kullum da safe nakan yi gudu bakin tabki, in ɗaga gwangwanayen siminti. Da muka isa ƙauyen, na cika buhu har baki, na ɗaure da igiya na saɓa a baya. Shi rabi ya zuba.

"Yaya, rage," ya ce. "Wannan ba kokowa ba ce, ba mai buga maka ganga."

Ban rage ba. Na fara da sassarfa don mu bar wurin da wuri, shi yana tafe da 'yan takunsa kamar mai ciwon gwiwa.

Numfashi bai gaza mini ba, wannan aikin gudu ne. Bayana ma ya riƙe. Amma igiya ta ci kafaɗuna har jini, tafin ƙafa ya yi ruwa, kuma da muka shiga yashin gulbi wajen azahar cinyata ta ɗaure tamau. Ƙarfin kokowa na ɗan lokaci ne. Buhu kuwa ba ya gajiya.

Nan muka ji ƙarar moto, wato babur, ba ɗaya ba.

Mijin ƙanwata ya haye gaɓa ya shige sabara da kayansa. Ni ƙafa ta ƙi. Na ja igiyar in yar da buhun, na tarar na yi mata ƙullin da ba ya kwancewa. Na faɗi rubda ciki, buhu a kaina, bakina cike da yashi. Duk gudun da na yi shekara da shekaru, ga ranarsa ta zo, ko taku ɗaya ban iya ba. Ina jin ƙarar tana matsowa, ina kalmar shahada, ina tunanin wa zai gaya wa yarana.

Suka wuce ta bisa gaɓa. Har yau ban san ko su wane ne ba.

Ya dawo da rarrafe, ya yanke igiyar da wuƙa.

"Tashi, Yaya. In mun tsaya, dawowa za su yi."

Muka juye rabin hatsina cikin rigarsa, muka turbuɗe a yashi. Sauran na kai gida da ɗingishi.

Da safe na roƙi ƙanwata tsohon zane, na naɗe igiyar da shi, na yi ƙulli mai zarge. Na bi bayan mijinta muka koma tono hatsin.