Audugar da ban shanya ba

Ko da zan manta da sunana, ba zan manta da wata ranar Alhamis ba, a ranin shekarar 2006. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna cewa na cika faɗa a kan shanya auduga. To, ku ji dalili.

A lokacin ina aiki a gidan Hajiya Laure a Kura, inda ake ɗinka kayan ɗaki. Hajiya ce mai yanka, mata biyu suna kan keke, ni kuma ina ƙasa, ni ce mai cusa auduga in rufe bakin filo da allura. Ƙa'idar gidan ita ce, idan an kawo buhun audugar rimi sai a baje ta a tabarma, a zuba rabin murfin maganin feshin tumatir a bokitin ruwa, a yayyafa saboda kuɗin cizo, sannan a shanya kwana uku ana juyawa. Maganin nan ba baƙo ba ne a wajenmu. Duk gidan da ake noman rani za ka samu kwalbarsa a bayan ƙofa, kusa da fartanya.

A shekarar tumatir ya yi kyau, maigidana ya gina wa yara ɗan ɗaki. 'Ya'yana biyu ne, Safiya mai shekara bakwai da Nana mai shekara biyu da rabi. Safiya ta taɓa bina wurin aiki ta ga ƙananan filo na kwalliya, tun daga nan ta hana ni sakat. Hajiya ta ba ni ragowar ƙyallaye da auduga rabin buhu, ta ce, "Hadiza, wannan ba a sa mata magani ba, ki gyara abarki."

Ni kuwa mace ce mai tsoro a kan yara. Ko ƙurji na gani a jikinsu ba na iya cin abinci. Da safe na baje audugar, na ga wani ɗan ƙwaro ya fito yana tafiya. Na ɗauko kwalbar babansu. Na zuba rabin murfi, na ga kamar bai isa ba, na ƙara murfi biyu, ruwan kuma ɗan kaɗan.

Ba makarantar allo ranar, Safiya tana gindina. "Umma, yau za mu yi ko? Ke kullum gobe, gobe!" Rana tana da zafi, kafin hantsi ya dubi ludayi audugar ta bushe a hannu. Na ce a raina ai kwana ukun don bushewa ne.

Mun yi guda huɗu. Safiya ta zaɓi ƙyallaye, ta jera ja kusa da ruwan ɗorawa, ina ɗinkawa. Nana tana kwasar maɓallai tana zuba su a takalmin babanta. Safiya ta ce na Nana za a fi cikawa, "don kanta kamar kabewa yake." Muka yi ta dariya, ita ma Nana tana yi ba ta san da ita ake ba. Bayan azahar ta rungume nata ta ƙi saki. Na kwantar da ita a sabon ɗakin, fuskarta a cikin filon, na ja ƙofa saboda ƙudaje.

Da la'asar na shiga tashinta. Filon ya jiƙe sharkaf da miyau, ƙirjinta yana ƙara kamar ana zuƙar ƙarshen koko. Na buɗe idonta, baƙin ya tsuke ya zama kamar bakin allura. Babansu yana gona, ranar ban ruwansu ce. Ban tsaya neman mayafi ba, maƙwabcinmu ya ɗauke mu a babur.

Malamar asibiti ta tambaye ni, "Me ta sha?" Na rantse ba ta sha komai ba. Ta sunkuya ta shinshina gashin Nana, ta ɗago ta dube ni. "Baiwar Allah, mijinki manomi ne?" A nan na faɗa mata komai. Ba ta zage ni ba. Ta ce a tuɓe yarinyar a wanke ta da sabulu, aka yi allurai, aka sa ƙarin ruwa. Ta ce maganin nan ba sai an sha ba, yana shiga ta hanci da fata. Shekara uku ina yayyafa shi da hannuna, ranar na fara jin haka.

Nana ta kai safiyar Asabar, sannan Allah ya karɓi abarsa.

Ranar uku Hajiya ta zo gaisuwa. Ta ce, "Haƙuri, Hadiza. Kwana ne ya ƙare. Mu shekara nawa muna yi ba abin da ya faru?" Na ce, "Hajiya, haka ne. Amma kin taɓa faɗa mana dalilin kwana ukun?" Ta ce ita ma haka ta tarar ana yi. Da na koma aiki babu kwalbar a gidan. Ba mu taɓa yin maganar ba.

A ranar ukun, bayan masu gaisuwa sun watse ne Safiya ta matso, ta ce a hankali, "Umma, don na ce a cika mata nata ne?" Na ce a'a, ni ce. Na faɗa mata ya fi sau ɗari. Har yau idan na faɗa sai ta gyaɗa kai kawai.

Abin da na gane a sana'ar nan shi ne, muna gadar ƙa'ida ba tare da dalilinta ba, kuma wadda ba ta san dalili ba, ranar da ta yi sauri za ta tsallake. Shi ya sa a nan babu maganin gona, rana kawai. Duk abin da na ce ku yi, ku tambaye ni don me. Mai saye ƙyalle yake dubawa, ba ya farke ɗinki. Abin da ke ciki mu kaɗai muka sani, kuma a kansa ɗan wata zai kifa fuska ya yi barci.