Gadajen Aro

Ko tsufa ya ci ƙarfina, ba na jin zan manta ranar da muka yi wa asibitin garinmu kwalliyar aro.

Lokacin ina malamin asibiti a wani ƙauye tsakanin Aliero da Maiyama. Asibiti dai a baki: ɗaki biyu, kwano duk ya ɓule, mata na haihuwa a kan tabarma. Sai labari ya zo cewa ɗan majalisarmu na tarayya zai zagaya asibitocin ƙauyuka, waɗanda suka fi lalacewa ya nema musu gyara. Mutumin nan likita ne. Ya daɗe yana duba marasa lafiya a Jega kafin jama'a su tura shi Abuja.

To, mu a wurinmu baƙo ba ya ganin tsiraicin gida. Maigari ya ce ba da shi za a ji kunya ba. Aka bi ɗakunan amare aka aro gadaje shida da katifu, aka shafa farar ƙasa, aka jera kwalayen magani, ciki ba ko ƙwaya. Ni da kaina na yi dakon gado biyu, har ina jin na yi abin kai. Wauta ba ta da shekaru.

Likita ya iso da hantsi. Ya shiga ya duba, ya shafa katifa, sannan ya ce wa mai rubuta masa, "Waɗanga kam sun wadata. Cire su, mu tai gaba."

Maigari ya washe baki, wai an yabe mu. Ni kuwa sai na tuna matar da ta yi ta zubar da jini a ɗakin nan da daminar bara, ruwa na ɗiga mata a fuska, ina tarewa da roba. Ba ta tashi ba. Na san in na buɗe baki na kunyata Maigari a gaban baƙi, amma na ce a raina yau kam sai dai a kore ni.

"Ranka shi daɗe," na ce, "gadajen ga duk aro munka yi. Tabarma gare mu."

Maigari ya watso mini harara.

Likita ya yi murmushi. "Malam, na sani tun daga ƙofa. Ina ka taɓa ganin gadon asibiti da madubi? Jira nikai in ga ko akwai mai hwaɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kun ce lahiya lau, mi zan kai ma majalisa?"

Ya sa aka fitar da gadajen, aka shimfiɗa tabarmarmu, aka ɗauki hoto.

Wata uku Maigari bai amsa gaisuwata ba, a kasuwar albasa kuwa sunana ya koma mai tonon asiri. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ban daina bin maganar gyaran ba, shi ma likita bai sake ta ba. Bayan damina biyu aka yi mana ɗakin haihuwa, kuma jikar Maigari aka fara haifa a ciki.

Tun ranar na gane cewa rufin asiri abu ne mai kyau, amma ba a gaban mai magani ba. Kunyar yini ɗaya ta fi a sake binne wata mace.