Tsakuwa Arba'in da Uku

Idan ka tambayi mutanen Bungudu wane ne Labbo, sai sun ɗan yi tunani kafin wani ya ce, "Au, mai wankin tumbi." Iyakar abin da aka sani ke nan. Shekara talatin da 'yan kai yana tsugune bayan mayanka, a gindin wani tsohon rimi, yana zazzage tumbi da hanji yana ɗaurayewa, mahauta su kwasa su kai kasuwa. Aikin da kowa ke toshe hanci ya wuce shi ne nasa, kuma ba wanda ya taɓa jin ya ce ya gaji.

Ban da wuƙa, abu ɗaya ya gada a wurin ubansa: rabon ungulu. Kafin a fita da ko tsoka ɗaya, sai Labbo ya tattara guntayen da ba mai saye, ya buga ƙotar wuƙa a jikin tasa sau uku, ya watsa. Nan take rimi ya girgiza, ungulaye su sauko suna taku ɗaya-ɗaya kamar tsofaffin da suka zo ɗaurin aure ba gayyata. Mahauta kan ce masa, "Ga surukanka nan sun iso." Kafin hantsi wurin ya yi tas, ba ƙuda ba wari.

A shekarar da aka ba Zamfara jiha matarsa Luba ta rasu. 'Ya'ya uku suka haifa, duka ukun sun riga ta. Labbo bai yi kuka ba, bai kuma yi abin da mutane ke kira haƙuri ba. Zuciyarsa dai ta mutu masa, irin yadda ƙafa ke mutuwa idan an daɗe ana zaune a kanta. Miya da gishiri ko babu, duk ɗaya. Idan an ce masa, "Ina iyali?" sai ya ce, "Lafiya lau," alhali ba kowa a gidan sai tabarma da tukunyar Luba a kife. Ba ƙarya yake nufi ba, haka aka koya masa amsawa.

Bayan shekara guda wani baƙo ya zo a kan babur, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Malam Aminu sunansa, malamin jami'a ne mai binciken tsuntsaye, ya sauka a Gusau. Mahauta suka sha dariya da suka ji wai mutum ya yi karatu har ya ƙoshi don ya zo ƙirga ungulu. Shi ko a jikinsa. Ya wuce kai tsaye gindin rimi, ya miƙa wa Labbo hannu, ya kama hannun nan nasa da ke jiƙe da ruwan tumbi, bai kuma goge ba bayan sun gaisa.

Ya yi masa bayani. Ungulu na ƙarewa, wasu na zuba wa mushe guba su kashe su, su cire kawuna su kai Kudu wurin masu magani. Mayanka uku yake bi, ta Gusau da ta Tsafe da wannan.

"Baba, ƙarfina bai kai wuri uku ba," in ji Aminu. "Inda suka fi raguwa can zan tare, in ga hakimi da Sarkin Fawa a hana abin. Kai za ka riƙa ƙirga min na nan."

"Malam, ba a ƙidaya mai rai," in ji Labbo. "Ko ɗiya ba a faɗin yawansu."

"Ba kai za ka faɗa ba. Tsakuwa za ta faɗa."

Suka shirya a kan haka. Duk tsayuwar wata Labbo zai jefa tsakuwa ɗaya a gwangwanin madara a madadin kowace ungulu da ta sauko, ya liƙe baki, ya ba Sahabi direban da ke jigilar Gusau. A safiyar nan suka ƙirga tare, arba'in da uku.

Wata huɗu gwangwani na tafiya da gaskiyarsa. Sai ranar wata Talata, cikin azumi, Labbo ya gangara gulbi ɗiban ruwa ya tarar da mushen jaki, kewaye da shi ungulaye goma sha ɗaya a kwance, ba kai ko ɗaya. Ya tsaya yana kallo. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji ba. Ya cika garwarsa ya koma bakin aiki.

Da wata ya tsaya ya zauna da gwangwani. Ya jefa talatin da biyu, hannunsa ya tsaya a sama. Nan fa abin ya faru, kuma duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san dalili. Ba a aika wa mutum labarin mutuwa a hannun direba. Sai ya zo, an gaisa, an ba shi wurin zama, sannan a faɗa masa a hankali. Balle mutumin da ya ba ka hannu bai goge ba. Labbo ya ce a ransa, idan ya zo na gaya masa. Ya ƙara goma sha ɗaya ya liƙe.

To, me zai kawo Aminu? Gwangwanin Bungudu na cewa lafiya lau, na Tsafe na kuka. Ya ɗaure jakarsa ya tare a Tsafe. Can ya yi ta safa da marwa har aka hana saye da sayar da ungulu a kasuwa, aka sa ido a kan masu zuba guba. Su kuwa ba su bar sana'a ba, wuri suka sake. Suka gangaro inda ba mai kallo.

Rimi ya yi ta sauƙi. Ashirin, goma sha biyu, biyar. Ƙuda ya dawo mayanka, karnuka suka yi ƙiba, mahauta suka daina maganar surukai. Labbo bai fasa ba: duk wata tsakuwa arba'in da uku, ba ragi ba ƙari, yana jiran mai gwangwani ya zo. Ba zan ce wauta ba ce, ko da yake ta yi aikin wauta.

Sai ƙarshen daminar 1999 babur ɗin ya sake tsayawa bayan mayanka, da sassafe. Aminu ya sauko fuska a sake, da ƙullin goro a hannu.

"Baba, a Tsafe mun tsira da ashirin da wahala. Na ce bari in zo in ga naka arba'in da uku, in ji sanyi."

Labbo ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi hanya, ya tambayi gida, ya kife masa garwa ya zauna. Sannan ya tattara guntaye, ya buga tasa sau uku, ya watsa. Rimi bai motsa ba. Karnuka biyu suka fito daga bayan katanga, hankaka ɗaya ya sauko.

"Sun ƙare, Malam," in ji Labbo. "Ta ƙarshe tun watan jiya ban gane ta ba."

"Tun yaushe abin ya fara?"

"Tun azumin bara waccan. Goma sha ɗaya anka kashe bakin gulbi, rana guda."

"Amma gwangwanin..." in ji Aminu.

"Ba a aika rasuwa cikin gwangwani. Ina jiran ka taho in hwaɗa maka."

Aminu ya cire madubin daga wuyansa ya ajiye a cinya. Ya daɗe yana kallon rimin. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Da ya tashi tafiya ya ajiye goron a kan garwa, ya sake ba Labbo hannu, ya faɗi abin da kowa ke faɗi wajen sallama.

"To Baba, a gai da iyali."

Labbo ya buɗe baki, amsar da ya saba ta zo har kan harshensa. Sai ya dubi tasar da ke hannunsa.

"Babu kowa, Malam," ya ce. "Can ma babu kowa."

Ya tsuguna ya wanke tasar.