Sandar Kakana ta Yaƙin Bama

Ana sallame Asuba muka kama hanyar Haɗejiya daga Kano, ni da wani abokina mai sana'ar tsoffin kayan soja. Shi irin mutanen nan ne da in suka ga tsatsa sai ransu ya yi fari. Goggona ce ta aiko in kawo mata wanda ya san kayan yaƙi, don ya duba sandar mahaifinta, wato kakana.

Kakan nan nawa ya je yaƙin Bama, zamanin Turawa, a sojan Ingila. Har ya rasu yana cewa akwai wuƙa a cikin sandarsa, kuma ita ta cece shi a daji, amma ya rantse ba zai sake zare ta ba. Mutanen ƙauyensu suka mai da abin wasa. Har yau in wani ya shara ƙarya sai a ce, "Sandar Soja ke nan." Goggo ta tsufa da wannan magana a ƙirjinta.

Mun karya a Gujungu da shayi da burodi, muka isa Haɗejiya rana ta ɗaga. Kifi kam araha. Kwandon banda da za a ja maka rai a kansa a Kano, a nan mai shi ke roƙonka. Daga Guri mota ta gaza, sai kwalekwale. Ciyawar kacalla ta cinye hanyar ruwan, gonakin shinkafa hagu da dama. Muna tsakiyar ruwa abokina ya daskare: abin da mai jirgin ke kwarfe ruwa da shi hular kwano ce ta sojan Ingila. Ya taya, mai jirgin ya ce in ya sayar da me zai kwarfe ruwa?

Goggo ta cika mu da tuwon shinkafa da miyar kifi kafin ta ɗauko sandar. An naɗe ta da jar fata tun daga kai har ƙasa, aikin dukawa, wai don a mutunta ta bayan rasuwar kakana. Abokina ya auna nauyinta a hannu, ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne. Ya ce fatar ta rufe mahaɗin, sai an yanka.

"Yanka, ɗan nan," in ji Goggo.

Ƙarƙashin fatar akwai zoben tagulla da wani ɗan maɓalli. Ya ɗiga mai, ya jira, ya danna. Ni kuwa na san in ba komai a ciki, ni na kawo mata baƙin ciki har gida. Sai ga ƙarfe ya fito, siriri, duk tsatsa, tsininsa a karye. Abokina ya ce aikin Indiya ne, irin wanda sojoji ke saye a ɓoye a hanyarsu ta zuwa daji, kuma masu tara irin waɗannan za su saya da daraja ko da an taɓa jikinta.

Ni tuni na miƙe zan kai ta majalisar ƙofar masallaci, kowa ya gani da idonsa. Goggo ta riƙe rigata.

"Zauna. Ya rantse ba za ta ƙara ganin rana ba. Na saɓa masa sau ɗaya don zuciyata ta huta, ba zan yi na biyu don mutanen gari ba. Malam, mayar da ita."

Abokina ya mayar, bai ko sake zancen ciniki ba.

Mun kwana a Haɗejiya, washegari muka dawo Kano da kwandon kifi. Gaskiya har yanzu raina na sosuwa, domin a ƙauyen ana nan ana cewa "Sandar Soja". Amma na koyi cewa ba kowa ke neman gaskiya don ya ci gardama ba. Da muke sallama Goggo dariya take yi, ta ce yanzu in sun faɗa, ita ce za ta riƙa jin tausayinsu.