Shekarar da Yaya Ta Sauka Ɗakin Ɗuri

Yayata ta shiga kamfanin garin sabulu tana budurwa, shekarar da mahaifinmu ya rasu. Aikinta buga takardu. An ba ta tebur a hawa na biyu, kusa da wata taga da ba ta buɗuwa, da kujera mai ɗingishi wadda sai an tokare ta da kwali. Daga wannan tebur ta yi mini makaranta, ta kula da jinyar Innarmu, ta kuma yi aurenta da wani tela mai yawan barkwanci, wanda har yau yake cewa mata ya je nema aka haɗa shi da alƙali.

Halinta ɗaya kowa ya sani a ofis: ba ta buga abin da ba ta gane ba. Idan aka miƙo mata takarda ta ga wata jimla ta shige mata duhu, sai ta tashi a hankali ta bi mai ita har kujerarsa, ta ce, "Don Allah, nan me ake nufi?" Da haka suka sa mata Malama Me-ake-nufi. Ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Amsawa ma take yi.

Ta fara furfura a gefen kunne lokacin da sabuwar doka ta fito. Dokar ta ce duk babban kamfani sai ya riƙa fitar da rahoto kowace shekara, ya faɗa wa duniya ruwan da yake sha, hayaƙin da yake fitarwa, inda yake kai shararsa, da yadda lafiyar ma'aikatansa take. Masu bincike daga waje kuma za su zo su duba ko gaskiya ne. A ofis kowa ya zame. Akanta ya ce ba lissafin kuɗi ba ne, injiniya ya ce shi ba marubuci ba ne. Aikin ya yi ta gangarowa har ya faɗo kan teburin Yaya.

Shekarar farko ta tattara abin da shugabannin sassa suka aiko mata, ta jera, ta gyara. Aka buga shi littafi mai sheƙi, bangonsa ɗauke da hoton mata uku sanye da fararen takunkumin fuska, idanunsu na murmushi. Ta kawo guda gida a cikin leda don kada ya yi datti. Maigidanta ya jujjuya shi ya ce, "To, mun zama gidan marubuta. Daga yau sai da sallama zan shigo." Ta yi dariya har da rufe baki. Na daɗe ban gan ta cikin farin ciki haka ba.

A shekara ta biyu sai ta ci karo da wata jimla daga sashen da ake ɗura garin sabulu a leda, wanda suke kira ɗakin ɗuri. An rubuta cewa ƙurar wurin "tana bisa ƙa'ida". Ta tambayi shugaban sashen me ake nufi. Ya ce haka aka rubuta bara. Ta tambayi injiniya, ya ce ta tambayi shugaban sashe. Sai ta ɗauki mayafinta ta sauka da kanta. Duk tsawon shekarunta a kamfanin ba ta taɓa taka wannan ɗakin ba.

Ta ce mini tun daga ƙofa idanunta suka fara yaji. Ɗaki ne dogo, mata sun jeru a gaban na'urar da ke zubo gari, kowace fari fat har girarta. Wasu da takunkumi, wasu sun jiƙa ɗankwali sun ɗaure hanci. A ƙarshen layi wata dattijuwa ce ke ɗora ledoji kan sikeli. Gwaggon Sikeli suke ce mata. Ita ta fara ganin Yaya tana atishawa.

"'Yar sama, ɓata kika yi?" in ji ta. "Zo nan, kada ki murza idon, ƙara miki zai yi."

Ta zuba mata ruwa daga gorarta, ta riƙe mata mayafi ta wanke fuska. Sai a lokacin Yaya ta gane ta: ita ce ta tsakiya a hoton bangon littafin.

"Gwaggo, ke ce a jikin rahotonmu."

"Ni ce mana! Jikokina sun ce na fi kyau da rabin fuska." Ta yi dariya, dariyar ta zarce da tari mai tsawo, sai da ta dafa sikeli. Da ta samu numfashi ta ce, "Ranar ce aka raba mana sababbin takunkumi. Suna zuwa, ba zan ce ba sa zuwa ba, amma kafin tsakiyar wata sun ƙare. Da can waccan na'urar ke zuƙe ƙurar." Ta nuna wani ƙaton bututu a saman kansu. "Tun da ta tsaya, mu muke zuƙe mata."

Ba da fushi ta faɗa ba, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Wannan ne ya fi damun Yaya. Da yamma na je gidanta na same ta zaune da idanu jajur, abinci a gabanta ya huce. Ta ce mini, "Ƙanwata, ni na zaɓi hoton nan. Cikin hotuna da yawa shi ya fi burge ni."

Washegari ta goge waccan jimlar ta rubuta tata: na'urar zuƙe ƙura ta ɗakin ɗuri ta lalace, ba a gyara ba, takunkumi ba ya isa, ma'aikata suna kukan tari da ciwon ido. Manaja ya aiko kiranta. Mutum ne mai sanyin magana, ba ta taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Ya ajiye takardar a tsakaninsu.

"Malama, kin san su wa ke karanta wannan? Manyan masu sayen kayanmu. Idan suka janye, matan da kike tausayi su za su fara zama a gida."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ni ma ban yi barcin kirki ba."

"To a sassauta. A ce ana kan duba lamarin."

"Ana dubawa ne?"

Ya mai da idonsa kan takardar. Yaya ta ci gaba.

"Ranka ya daɗe, kamfanin nan ya rufa mini asiri, ba zan so a zubar masa da mutunci ba. Amma na sauka, na gani, na shaƙa. Idan ka ce a canza, kai ne babba, sai a ba wani ya buga. Hannuna ba zai iya ba."

Ya ce ta je zai neme ta. Kwanakin da suka biyo baya ba ta da sukuni. Duk wanda ya buɗe ƙofar ofis sai ta ɗago kai, ta zaci takardar sallama ce aka kawo. Maigidanta ya ce ta kwantar da hankalinta, in an kore ta yana da gurbin mai saka maɓalli, sai dai fa ba a yi wa kwastoma tambayar me yake nufi da wannan wando. Ta harare shi, sannan ta ɗora kanta a kafaɗarsa ta yi kuka kaɗan.

Da takardar ta dawo, jimlarta na nan ba a taɓa ba. A ƙarƙashinta Manaja ya ƙara layi da hannunsa: kamfani ya ɗauki alkawarin gyara na'urar kafin rahoto na gaba. Ya ce mata, "Na daɗe ina roƙon masu kamfani a kan gyaran nan, kullum sai a ce baɗi. Yanzu na ɗaure wuyana da nasu a gaban jama'a. In abin ya ɓaci, ni da ke ne." Masu bincike suka zo, suka sauka ɗakin, suka fito suna goge ido, suka sa hannu. Wani babban mai saye ya aiko da tambayoyi masu zafi, amma bai janye ba.

Takunkumi ya wadata tun a watan, aka kuma fara kawo likita yana duba ƙirjin ma'aikata. Na'urar ce ta ja lokaci, har ta ɗan wuce wa'adin da aka ɗauka, Yaya kuma ta rubuta hakan a rahoto na gaba. Kafin a gama, likita ya riga ya ce Gwaggo ta ajiye aiki. Yaya ta samu gidanta, ta riƙa leƙa ta ranar hutu, tana kai mata magani, Gwaggo kuma tana tambayarta labarin ɗakin ɗuri mace bayan mace.

Ranar da aka sake kunna na'urar Yaya ta nemi izini ta kawo ta. Ni na raka su, don Gwaggo ba ta iya doguwar tafiya sai da mai tallafa mata. Matan suka yi caa a kanta. Ta tsaya tsakiyar ɗakin tana kallon sama, ta ja numfashi a hankali, ta saki. Ta shafa saman sikelinta ta duba yatsanta.

"Ya kika gani, Gwaggo?" in ji Yaya.

"Iska ta yi daɗi," in ji ta. "Amma wannan ƙara haka, yaran nan ta ina za su riƙa jin gulma?"

Ɗakin ya kaure da dariya.

A motar hayar da muka hau ta komawa mun zauna a kujerar baya, Gwaggo a tsakiyarmu. Ba mu yi nisa ba barci ya ɗauke ta, kanta ya karkato kan kafaɗar Yaya, numfashinta na fita da ɗan sauti. Da muka iso inda za mu sauka na yunƙura, sai Yaya ta riƙe mini hannu ta girgiza kai. Muka zarce har tashar ƙarshe, direba ya kashe mota, muka ci gaba da zama har Gwaggo ta farka don kanta.