Farfesan Iska da Kwalin Sigarinsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Mayu, Allah Ya karɓi ran Farfesa, bayan wata biyar yana fama da ciwon dajin huhu.

Farfesa, duniya ta san ka da binciken tsabtar iska. Mu da muka shekara ashirin da shida tare da kai a ɗakin gwaji mun san babu iskar da ta sha wuya kamar ta ofishinka. Kwali biyu kake tashi da shi a yini.

Ban manta lokacin da aka kawo mana sabuwar na'urar auna hayaƙi ba. Kullum da safe sai ta kama ƙara. Kwana uku muna kwance ta muna ɗaurawa, har mun fara rubuta wa kamfanin ƙorafi, sai mai shara ta jingine tsintsiya ta ce, "Ku duba bayan kabad mana." Muka leƙa, ga ka a tsugune kana busawa. Ko kunya babu ka ce, "Gwada ta nake yi. Lafiyarta ƙalau."

Shekarar da aka so sallamata don ban wallafa bincike ko ɗaya ba, kai ka ɗauki aikin da muka yi tare ka sa sunana gaba da naka. Ba ka taɓa tayar da zancen ba.

Likitan da ya gano cutar tsohon ɗalibinka ne. Yana ta kame-kame, ka karɓi hoton ƙirjin ka ɗaga shi saitin taga, ka ce, "Faɗi kawai, yau ba maki zan ba ka ba." A asibiti nas ta kama sigari a safarka, da gidan tabarau, har cikin butar shayi. Uwargida ta ce, "Shekara arba'in ina faɗa maka." Ka ce, "Hujja nake tarawa, yanzu ta cika."

Saura kwana tara ka rasu ka daina shan sigari, duk wanda ya zo dubiya sai ka yi masa alfahari da hakan. Ranar da ɗalibanka suka zo, ka sa aka manna hoton huhun a bango. Numfashinka na sarƙewa ka ce, "Ku kalla da kyau. Wannan gwajin kada wanda ya maimaita shi." Muka yi dariya, muka fita baranda muka yi kuka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa jinyar ta zama kaffara. Uwargida da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu ma Ya ba mu. Amin.